Kwaɗon Da Manaja Ya Yanke

Akwai wani injiniya a wata masana'antar sabulu, tun zamanin da unguwa guda take saita agogonta da jiniyar kamfani. Idan ta yi kukan safe, iyaye mata su kora yara makaranta. Idan ta yi na yamma, a ɗora tukunya. Waɗanda suka tashi a unguwar, har yau idan suka ji ƙanshin ɗanyen sabulu sai su tsaya su shaƙa, in ka tambaye su su ce ba komai.

Gara a faɗi gaskiya tun da wuri: injiniyan ba mutum ne mai daɗin zama ba. Ba ya hira, ba ya dariyar da ba ta zama dole ba, kuma idan ka gaishe shi yakan duba takalminka kafin fuskarka, ya ga ko na aiki ne. Ma'aikata suna kiransa Baba Kwaɗo a bayan idonsa. Ya sani, bai kuma taɓa neman a canza masa suna ba.

Sunan ya samo asali ne daga dokarsa guda ɗaya.

A tsakiyar masana'antar akwai ƙatuwar tukunyar dama sabulu, zurfinta ya fi ɗaki, da fukafukan ƙarfe masu juyawa a ciki. Ma'aikata sun sa mata suna Gwaggo, saboda ba ta aiki sai da mita. Lokaci zuwa lokaci sabulu yakan daskare a jikin fukafukan, sai an kashe ta, mutane su sauka ciki ta tsani su kankare.

Dokar ita ce: duk wanda zai shiga cikin Gwaggo, sai ya kashe makunnin wuta, ya rataya kwaɗonsa a hannun makunnin, ya kulle, ya sa makullin a aljihunsa. Mutum biyar suka shiga, kwaɗo biyar. Kuma ba mai cire kwaɗon wani. Ko ubansa ne, ko Manaja, ko shi Injiniyan kansa.

An ce yana saurayi, a wani kamfanin daban, ya ga ranar da aka kunna inji alhali akwai mutum a ciki. Wanda ya kunna ba mugu ba ne, ya dai tabbata kowa ya fito. Abin da aka ciro daga injin ba a bar iyalin mutumin sun gani ba. Injiniya bai taɓa ba da labarin da bakinsa ba. Ya dai sayi kwaɗuna.

Manajan masana'antar kuwa ƙaninsa ne a makaranta, shi ma injiniyanci ya karanta kafin kujera ta ɗauke shi. Ƙari a kan haka, ƙanwar Injiniya yake aure. A gida ya ce masa Yaya, a ofis ya ce masa Injiniya. Ba azzalumi ba ne. Shi ya gyara rufin ɗakin cin abincin ma'aikata da ya shekara yana yoyo. Sauri ne kawai ya yi masa yawa, irin mutumin da yake shan shayi a tsaye yana hararar kofin don ya ƙi hucewa.

Wata safiya fiffiken Gwaggo ɗaya ya tsage. Mai waldar kamfani, wanda ake kira Tartsatsi, ya rataya kwaɗonsa ya shiga ya gyara. Yana fitowa aka aiko masa cewa matarsa na naƙuda, an wuce da ita asibiti. Ya hau babur ɗinsa ko hular walda bai ajiye daidai ba.

Kwaɗon yana nan a makunni. Makullin yana aljihunsa.

A lokacin babu wayar hannu, balle a ce a kira shi. Ga manyan motoci sun yi layi a bakin ƙofa suna jiran kaya, direbobi suna danna hon kamar shi zai dama sabulun. Ga mai kamfani yana bugo waya daga babban ofis, yana tambayar abin da ya riga ya tambaya.

Manaja ya sauko da kansa, Mataimakinsa yana biye da shi. Mataimakin sabon zuwa ne, mai takalmi mai ƙara, wanda ya ɗauki duk abin da Manaja ya yi a matsayin karatu.

"Injiniya, me muke jira?"

"Tartsatsi."

"Tartsatsi ya tafi. Mai gadi ya gan shi."

"Na ji."

"Ka leƙa ciki?"

"Na leƙa da tocila. Ba kowa. Waldar ma ta yi kyau."

"To, alhamdu lillahi. A cire kwaɗon."

"Ba nawa ba ne."

Manaja ya yi murmushin da ake yi idan ma'aikata suna kallo. "Na san ba naka ba ne. Ni dai nake cewa a cire."

"Ka ba ni motar ofis," in ji Injiniya. "A zaga asibitoci a nemo shi. Ko ya zo ya buɗe, ko ya miƙo makullin da hannunsa. Kafin nan a fara loda abin da ke cikin sito, ƙaramin inji kuma ya ci gaba da aiki. Kafin la'asar mun tashi Gwaggo."

"La'asar!" Manaja ya matso kusa, ya rage murya. "Yaya, don girman Allah. Kai ka ce ba kowa a ciki. Ni ma na yi makarantar nan da ka yi. Wa muke karewa? Iska?"

"Ban ce akwai kowa ba. Na ce ba nawa ba ne."

Idan kana neman mutumin da zai kare matsayinsa da jawabi mai ratsa zuciya, ba Baba Kwaɗo ba ne. Jimla ɗaya yake da ita, ita yake ta maimaitawa.

Manaja ya juya ya ce wa Mataimaki ya ɗauko almakashin yankan rodi daga sito. Mataimaki ya tafi da sauri, takalminsa yana ba da sanarwa. Ma'aikata suka bar abin da suke yi, suka taru a nesa kaɗan, inda za su ga komai ba tare da an ce suna kallo ba.

"Injiniya, karɓi ka yanke."

"Ba zan yanke ba, ranka ya daɗe."

Bai taɓa ce masa ranka ya daɗe ba sai ranar. Manaja ya ji ta kamar mari.

Ya kama almakashin da kansa. Ƙas! Kwaɗon ya faɗi a siminti ya gangara. Ya ɗaga murya yadda na bayan ma za su ji: "Kwaɗo don aiki aka yi shi, ba aiki don kwaɗo ba. A nan ni nake cewa a kunna." Sannan ya dubi surukinsa. "Kai kuma ka je gida ka huta, sai na neme ka."

Duk wanda ya taɓa aikin kamfani ya san irin wannan hutun.

Aka ɗaga makunni. Gwaggo ta yi tari, ta yi mita, ta kama juyawa.

Ga masu jiran jini a wannan labari, a yi haƙuri: ba abin da ya faru. Tartsatsi yana can asibiti yana safa da marwa a baranda, ya samu 'ya mace. Motoci suka yi lodi suka tafi. Mai kamfani ya yaba. Mataimaki ya gaya wa duk wanda ya tsaya saurarensa cewa yau ya ga shugabanci.

Injiniya ya cire rigar aikinsa, ya ninke ta, ya fita ta ƙaramar ƙofa. Mai gadi ya rasa ko ya ce a sauka lafiya, sai ya yi kamar yana gyara rediyo.

Mako ya zagayo, Gwaggo ta sake cushewa kamar yadda ta saba.

Manaja ya ce a shiga a kankare. Bayan ɗan lokaci ya leƙo ta taga, ya ga tsani a jingine, ga ƙarafan kankara a ajiye, ga ma'aikata a tsaye suna nazarin rufin kwano.

Ya sauko. Ya fara da babbansu, wani tsohon makanike da kowa yake kira Kawu Sifana, wanda ya fi ginin ofis daɗewa a kamfanin.

"Kawu, lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Gwiwar nan ce dai. Tun jiya ba ta son tsani."

Ya juya ga na kusa da shi. Wannan jiri yake gani. Na gaba ƙirjinsa ne. Wani kuma ya yi mummunan mafarki. Masana'antar da ba a san ta da ciwo ba, a safiya ɗaya ta koma asibiti.

"Yajin aiki kuke yi?"

"Subhanallahi, wane mu?" in ji Kawu. "Ka ce mu share, mu share. Ka ce mu ɗauki kaya, mu ɗauka. Cikin Gwaggo ne dai."

Tartsatsi, wanda ya dawo aiki idanunsa jajur saboda kukan jaririya, ya ciro makulli daga aljihu ya ɗaga. "Yallaɓai, ni tambaya gare ni. Wannan me zan yi da shi yanzu? Ko in ba 'yar tawa ta yi wasa?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Manaja mutum ne mai magance matsala. Nan take ya aika kasuwa aka sayo sababbin kwaɗuna, manya, masu ƙyalli, kowanne ya kusa cika tafin hannu. Ya raba da kansa.

Kawu ya juya nasa, ya auna nauyinsa, ya yaba. "Kai, wannan kwaɗo ne. Ranka ya daɗe, shi ma almakashin yana cinsa?"

"Kawu, na ba ku kalmata. Ba wanda zai taɓa kwaɗon kowa."

"Mun gode. Allah ya ƙara girma." Ya sake juya kwaɗon a hannunsa. "In mai kamfani ya bugo waya fa?"

"Ranar nan na tabbata ba kowa a ciki!"

"Haka ne, ka tabbata. Mu a ciki ba ma ganin ranar da ka tabbata da ranar da kake zato. Duhu ne kawai."

Jinin Manaja ya hau. Ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa wani, ya naɗe hannun riga. "Tunda duk kun zama majinyata, ku matsa. Ni zan shiga."

Ya kashe makunni, ya rataya sabon kwaɗo, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu yadda kowa zai gani. Ya ɗauki tocila da ƙarfen kankara ya sauka.

Rabonsa da shiga cikin inji tun yana ɗalibi. Ya manta yadda wurin yake. Zafi, santsi, da ƙanshin sabulu mai yawan da ya daina zama ƙanshi. Sama can, bakin tukunyar ya koma ɗan da'irar haske. Fukafukan suna kewaye da shi, ɗaya a daidai ƙugunsa, ɗaya a saitin wuyansa. A takarda ya san nauyinsu da saurin juyawarsu. Bai taɓa lissafa su yana tsaye a tsakaninsu ba.

Ya fara kankara. Ya ce wa kansa ga makulli a aljihu. Ya taɓa aljihun. Yana nan.

Sai ya ji ƙarar takalmi.

Mataimaki ne ya dawo daga aiken da aka yi masa tun safe, bai san abin da ake ciki ba. Muryarsa ta sauko cikin tukunyar tana amsa kuwwa.

"Me ya sa har yanzu ba a kunna ba? Mai kamfani yana kan waya! Kwaɗon wane ne wannan kuma? Ba an gama da wannan shirmen ba? Ina almakashin nan?"

Manaja ya buɗe baki ya yi ihu. Ƙaramin inji yana aiki a gefe, ihun bai wuce bakin tukunya ba. Ya buga ƙarfe a bango, Gwaggo ta haɗiye ƙarar kamar yadda take haɗiye komai. Ya ji takalmin ya nufi wajen sito, ƙwas, ƙwas, ƙwas, da irin saurin da shi ya koyar.

A waje, ba abin tsoro ko kaɗan. Kawu Sifana ya riga ya jawo benci ya zauna a gaban makunnin, mai ciwon ƙirji da mai jiri sun tare ƙofar sito, Tartsatsi yana yi wa Mataimaki bayani da hannu biyu. Amma na cikin tukunya ba ya ganin benci.

Ya jefar da tocila ya kama tsani. Takalmin ofis da sabulu ba sa shiri. Ya zame, haɓarsa ta daki ƙarfe, ya sake kamawa, ya sake zamewa. Yadda ya fito a ƙarshe, waɗanda suka gani sun ce ba su san mai tumbi yana iya wannan ba.

Ya zauna a bakin tukunyar yana haki, sabulu har gira, takalmi ƙafa ɗaya. Hannunsa yana cikin aljihu, ya damƙe makullin har ya yi masa shaida a tafi.

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ne ya miƙa masa ruwa ya ce, "Sannu, ranka ya daɗe. Akwai zafi a ciki."

"Akwai," in ji Manaja.

Da yamma ya tafi gidan surukinsa. Dama tun ranar da abin ya faru matar Manajan take ajiye masa abinci ba tare da ta ce ga shi ba, wanda a gidan aure ya fi takardar kora nauyi.

Matar Injiniya ce ta tare shi a tsakar gida. "Alhamdu lillahi! Don Allah ka zo ka kwashe mutuminka. Ya kwance fanka, ya kwance famfo, yanzu ya shiga keken ɗinkina. Lafiyarsa ƙalau keken nan, wallahi."

Injiniya yana zaune a tabarma, sassan keken a jere a kan tsohuwar jarida, ƙanana gefe guda, manya gefe guda. Ya dubi takalman baƙonsa, sannan ya dubi plastar da ke haɓarsa.

"Ka shiga," ya ce.

"Na shiga, Yaya."

"Da waɗannan takalman?"

"Da ɗan'uwansu. Ɗayan yana can ciki."

Manaja ya zauna a ƙasa, abin da bai saba ba. Ya ce ya yi kuskure, ya ce a yafe masa, ya ce gobe a dawo aiki. Ya shirya dogon jawabi a mota, amma ya ƙare kafin matar gidan ta kawo ruwa.

"Ni ba ka yanke mini komai ba," in ji Injiniya yana goge wani ƙaramin noti. "Na Tartsatsi ne. Shi za ka ba haƙuri, a inda ka yanke, a gaban waɗanda suka gani."

"Zan yi. Shi ke nan sai su shiga?"

"A'a."

"To me kuma?"

"Sun ga kwaɗo yana yankuwa. Ba za ka sa su manta ba, ni ma ba zan iya ba. Daga yanzu, bayan kwaɗo, sai an kwance bel ɗin da ke juya fukafukan, a fito da shi, a ajiye a bakin tsani inda mai sauka zai taka shi da ƙafarsa. Ko an kunna, motar injin ta yi ta juyawa ita kaɗai."

Manaja ya yi lissafi a ka, don har yanzu injiniya ne. "Yaya, kwance bel ɗin Gwaggo da mayar da shi ai rabin yini ne."

"Haka ne."

"Kowane mako?"

"Duk lokacin da ta cushe."

"Har yaushe?"

Injiniya ya ɗaga notin ya duba shi a haske. "Da ka ba ni mota ranar nan, da la'asar mun gama."

Washegari Manaja ya tsaya a gaban makunni ya ba Tartsatsi haƙuri. Tartsatsi ya ji kunya har ya rasa inda zai sa hannunsa, ya ce ba komai, Yallaɓai, ai yarinyar ma ta gode. Aka kwance bel, aka shimfiɗa shi a bakin tsani. Gwiwar Kawu ta warke nan take, abin da likitoci har yau ba su yi bayaninsa ba.

Haka aka ci gaba shekara da shekaru. Duk ranar kankara, masana'anta ta tsaya rabin yini, Manaja ya tsaya a taga yana shan shayinsa, mai kamfani ya bugo waya, shi kuma ya ce ana kwance bel. Ya nemi a sassauta sau ɗaya, bayan an daɗe. Injiniya ya ce a tambayi masu shiga. Bai tambaya ba.

Masana'antar ta rufe daga baya, saboda dalilan da ba su shafi kowa a labarin nan ba. Yanzu wurin ajiye tayoyi ne. Tsofaffin ma'aikatan da suka rage sukan haɗu a inuwar tsohuwar katangar, su yi gardama a kan shekarar da aka yi kaza, kowa ya rantse, kowa ya yi kuskure. Abu ɗaya ne ba sa gardama a kansa: duk wanda ya sauka cikin Gwaggo, da ƙafarsa ya hau.

Manaja yakan zo wani lokaci, da sanda. Idan matasa suka tambaye shi abu mafi tsada da ya taɓa saya wa kamfani, ba ya cewa janareta. Yakan ce wata la'asar ce da ya ƙi jira.

Darasi: Dokar kare rai ba don ranar da ake shakka kaɗai aka yi ta ba, har da ranar da kowa ya tabbata. Idan ka karya ta sau ɗaya kuma ba abin da ya faru, kada ka ce ka yi daidai. Ka dai koya wa na bayanka cewa tana karyuwa, kuma wata rana kai ne a ciki. Ku tura wa injiniyoyi, da masu gyaran wuta, da duk wani shugaba mai sauri da kuka sani. In ya ce ba shi da lokacin karantawa, to da shi ake.